Kajiji a Gefen Lambu: Shukarsa da Amfaninsa ga Halittun Fadama

Da wuya a sami gidan Bahaushe inda ba a san kajiji ba. Mata su kan saye shi wurin 'yan koli, su daka, su haɗa turaren wuta da shi, su turara ɗaki da tufafi da randar ruwan sha. Amma da za a kai yaran birni fadama, a nuna musu tsiron yana tsaye da ransa, a ce su faɗi sunansa, da yawansu sai su yi zuru. Abin da suka sani da sunan kajiji shi ne 'yan busassun saiwoyin nan da ke cikin faifan mai koli. Sunan yana nan a bakin mutane, amma sanin tsiron da wurin zamansa yana ta raguwa.

Nufin wannan takarda shi ne a bayyana kamannin kajiji, a rarrabe shi da 'yan'uwansa waɗanda manomi ya ke ƙi, a kuma nuna yadda mai lambu zai dasa shi. Dalilin kuwa shi ne, kusan kowane lambun fadama yana da wani lungu wanda ruwa ya yi wa yawa, inda albasa ta ke ruɓewa, tumatir ya ke yin rawaya ya mutu. Mai lambu ya kan ɗauki wannan lungu hasara. To, wurin nan shi ne ainihin mazaunin kajiji, kuma in an dasa shi can zai biya mai shi da saiwa mai ƙanshi, ya kuma zama mafaka ga kwaɗi da tsuntsaye da sauran ƙananan halittu waɗanda wuraren zamansu su ke ƙarewa.

Dangin kajiji

Bahaushe ya kan kira duk abin da ya tsiro siriri mai dogon ganye ciyawa. Masana tsirrai kuwa sun raba su dangi-dangi. Gero da dawa da shinkafa da gamba da ƙyasuwa duk dangi ɗaya ne, karansu kewayayye ne mai gaɓoɓi a fili. Akwai kuma wani dangi dabam, mai iri fiye da 5,000 a duniya, wanda yawancinsa ya fi son ƙasa mai danshi. Alamar da a ke gane yawancin 'yan wannan dangi ita ce, in ka murza karansu tsakanin yatsu za ka ji yana da kusurwa uku.

Hausawa sun san 'yan wannan dangi da dama, kowanne da sunansa. Akwai aya, wadda a ke nomawa sosai a ƙasar Maraɗi da wurare da yawa na arewacin Nijeriya, a ci ɗanya, a soya, a yi kununta. Tsohuwar shuka ce ƙwarai, gama an same ta cikin kaburburan mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni. Akwai aya-aya, wadda kowane mai lambu ya san wahalarta. Akwai gemun kwaɗo, 'yan gajeru masu tsirowa cunkus a bakin ruwa. A Tabkin Cadi akwai babbansu duka, wanda Buduma su ke ɗaure karansa dami-dami su yi jirgin ruwa, shi ne kuma irin wanda Misirawan dā suka yi takarda da shi. Sa'an nan akwai kajiji.

Wani masani mutumin Suwidin, Linnaeus, shi ya raɗa wa kajiji sunan da malaman tsirrai su ke kiransa da shi, Cyperus articulatus, a 1753. Ma'anar kalma ta biyu ita ce mai gaɓoɓi. Wani likita kuma, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a arewacin Nijeriya, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya haɗa kowane suna da na masana, kajiji yana cikinsu. Tsiron ɗan ƙasa ne a Afirka, ba wanda ya kawo shi, ko da ya ke a na samunsa kuma a ƙasashe masu zafi na Asiya da Amurka. A jihar Para ta ƙasar Barazil manoma su na noma shi musamman domin masu yin turare su na saye. Wannan ya nuna cewa kajiji ya na karɓar shuka, ba lalle sai an tafi daji an haƙo shi ba.

Yadda a ke gane shi

Wajibi ne mai son dasa kajiji ya iya gane shi sarai, don kada ya ɗauko wa kansa aya-aya ya kai lambu da hannunsa.

Kajiji ya saɓa wa yawancin danginsa, gama karansa kewayayye ne, kore, mai santsi, ya kan miƙe tsaye daga ƙafa 3 har zuwa 6 gwargwadon ruwa da ƙarfin ƙasa. Ba shi da ganye na a-zo-a-gani, sai 'yan kube da suka naɗe gindin karan. Cikin karan akwai totuwa mai laushi wadda ta rabu ɗaki-ɗaki. In ka ja karan tsakanin babban yatsa da manuni za ka ji kamar 'yan gaɓoɓi a jere, in ya bushe kuwa har ido ya kan gan su. Furensa a can ƙoli ya ke, 'yan tsinkaye ne da suka bazu daga wuri ɗaya, kowanne ɗauke da siraran zangarniyoyi masu launin ƙasa-ƙasa. Iska ce ke yi masa barbara, saboda haka ba shi da fure mai ado. A ƙarƙashin ƙasa saiwarsa ta na tafiya a kwance, ta na yin ƙulli-ƙulli, daga kowane ƙulli sabon kara ya kan fito. Waɗannan ƙulle-ƙulle su ne masu ƙanshin.

Aya-aya kuwa gajeruwa ce, yawanci ba ta wuce ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Ganyenta da yawa, mai sheƙi, duk daga gindi ya ke fitowa, karanta mai kusurwa uku ne. 'Ya'yanta na ƙasa a sarƙe su ke da juna kamar carbi, in an sare ɗaya da fartanya sai sauran su farka su tsiro. Don haka ne masana aikin gona su ke lissafa ta cikin mafiya munin ciyayin gona a duniya.

Akwai kuma kacalla, wadda ba ta cikin wannan dangi ko kaɗan, sai dai su kan haɗu da kajiji a bakin ruwa. Ganyenta dogo ne mai faɗi kamar takobi, ta kan fi mutum tsawo nesa, kanta kuma kamar zangarniyar gero, mai launin ƙasa, in ya nuna sai ya fashe iska ta kwashi irin kamar audugar rimi. Wannan ba abar kai wa lambu ba ce, za a ga dalili nan gaba.

Abin da ya sami fadamu

Dā can ba mai tunanin dasa kajiji don tsuntsu ko kwaɗo, gama fadamu su na da faɗi, gefen kowane tabki da kowane rafi cike ya ke da irin waɗannan tsirrai. Abubuwa uku suka taru suka sāke wannan hali.

Na farko fari. A 1963 faɗin Tabkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 buɗaɗɗen ruwansa ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Ƙananan tabkuna da yawa na ƙasar Hausa da Barno su ma sun ja baya a waɗannan shekaru.

Na biyu madatsun ruwa. An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992, su duka biyu kuwa ruwansu kogin Haɗeja ya ke zuwa. Kafin a yi su, kogin ya kan yi ambaliya da damina ya rufe fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, da rani ya janye ƙasa ta sha iska. Tsirran fadama sun saba da wannan cika da janyewa. Da aka tare ruwan, ambaliyar damina ta ragu, ruwan da a ke saki da rani kuma ya riƙa kwanciya a waɗansu wurare shekara duka. Irin wannan kwantaccen ruwa shi kacalla ta ke so. Ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta danne ƙananan tsirrai, ta kuma zama makwancin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

Na uku noman rani. Sa'ad da a ke ban ruwa da jigo, mutum ba ya iya nome fiye da 'yan fangaloli kaɗan, gefen fadama ya kan zauna da ciyawarsa. Daga shekarun 1980, balle bayan an soma babban shirin raya fadamu a farkon shekarun 1990, injin ban ruwa da rijiyar bututu suka bazu ko'ina. Wannan alheri ne babba ga talaka, ba mai musun haka. Amma noma ya kai har bakin ruwa, abin da fartanya ta bari kuma maganin ciyawa ya ƙone shi.

Gauraka ya isa misali. Shi ne a ke kira tsuntsun ƙasa na Nijeriya, a cikin fadama ya ke tara ciyawa da irin su kajiji ya yi sheƙa, 'ya'yan waɗannan tsirrai kuma su na cikin abincinsa. Tsofaffi sun san garkensa da kukansa. Da bushewar fadamu da kamun da a ke yi masa don sayarwa, ya kusa ɓacewa daga dajin Nijeriya. Akwai yarjejeniyar kiyaye fadamu ta duniya wadda aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, a 2000 kuma aka sa Tabkin Nguru da mashigin Marma cikin lissafinta. Wannan aikin hukuma ne, kuma bai shafi dubban ƙananan lambunan da ke bakin rafuka da kududdufai ba. Abin da zai faru a waɗannan ya na hannun masu su.

Masu zama cikin kajiji

Amfanin kajiji ga ƙananan halittu daga siffarsa ya ke. Karansa a tsaye su ke, kusa da juna amma ba su cushe kamar kacalla ba, saboda haka haske da iska su na shiga, ƙaramin abu kuma ya na iya ratsawa ya ɓuya. Gindinsu ya kan riƙe danshi da inuwa har cikin bazara, sa'ad da ko'ina ya ƙeƙashe.

Kwaɗi su ne na farkon tarewa. Fatar kwaɗo ba ta jure bushewa, don haka da rana sai ya sami wuri mai sanyi ya lafe. Da dare ya fito ya bi fangaloli ya na lasar tsutsa da gyare da ƙananan fāra, watau masu yanke dashen tumatir da barkono. Akwai kuma waɗansu 'yan mitsi-mitsin kwaɗi masu manne wa kara, waɗanda a kan ji ƙararsu da damina kamar a na kaɗa ƙaramar ƙararrawa. Su a jikin irin wannan kara su ke wuni.

Inda kajiji ya ke tsaye a bakin ruwa, mazari ya kan yawaita, ƙwaron nan mai fiffike huɗu da ke shawagi bisa tabki. Ƙuruciyarsa duk cikin ruwa ya ke yin ta, ya na cin ƙananan ƙwari har da 'ya'yan sauro. In ya isa fita sai ya nemi kara tsayayye ya hau, ya tsaga tsohuwar fatarsa ya fito da fiffike. Wanda ya duba karan kajiji da sassafe zai ga fatun nan a maƙale. Babban mazari kuma sauro da ƙuda ya ke kamawa a sama. Gizo-gizo ma ya kan yi saƙarsa tsakanin kara da kara.

Inda ƙwari su ke, nan tsuntsaye masu cinsu za su zo. Kazar ruwa ta kan ɓuya da 'ya'yanta cikin gindin karan in wurin ya na da faɗi. Balbela da zalɓe su kan yi kiwo a gefensa. 'Ya'yan kajiji ƙanana ne ƙwarai, amma ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba su na tsintarsu, agwagin ruwa irin su kirinjijiya kuma su na cin 'ya'yan tsirran wannan dangi. A kudancin ƙasar Amurka har gonar aya a ke yi musamman a bar wa talo-talon daji da agwagi su tona su ci.

Banda wannan, saiwar ta kan saƙa kanta cikin ƙasa ta riƙe gaɓar rafi ko bakin lambatu, ta hana zaizaya. Ruwan da ya gangaro daga fangaloli in ya ratsa karan sai gudunsa ya ragu, ya ajiye lakar da ya ɗauko, ita ce kuwa mafi kyaun ƙasar lambun.

Baƙin da ke zuwa daga Turai

Akwai wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa, da farin layi bisa idonsa, wanda nauyinsa bai wuce wajen giram 12 ba. Masana su na kiransa Acrocephalus schoenobaenus, Ingilishi kuwa da sunan dangin kajiji suka raɗa masa suna. A Turai ya ke yin ƙwai, in sanyi ya matso sai ya ƙetare bahar da Sahara ya sauka fadamun Afirka, daga Sanagal har Tabkin Cadi da kudu da nan. Ya kan iso wajen kaka, ya tashi da bazara. Ƙwari ya fi ci, cikin ciyayin bakin ruwa ya ke tsintarsu. Mai lambu ya sha ganinsa ya na tsalle cikin kara, bai san daga wace nisan duniya ya fito ba.

Kafin ya koma wajibi ne ya tara kitse, gama akwai hamada fiye da mil 1,000 a gabansa inda ba ci ba sha. Waɗansu su kan kusa ninka nauyinsu. A ƙarshen shekarun 1960 masana tsuntsaye sun zauna a Malam Fatori, bakin Tabkin Cadi, su na kama irin waɗannan baƙi su na aunawa su na saki, suka tabbatar da wannan tara kitse da su ke yi kafin tashi. A Ingila kuma, inda a ke sa musu zobe a ƙafa a na lissafin masu komowa, bincike da aka buga a 1991 ya nuna cewa yawan masu komowa ya na bin yawan ruwan saman da aka yi a Afirka ta Yamma. Bayan farin 1983 da 1984 an ga sun ragu ƙwarai. Watau in fadama ta bushe a nan, a can ma sai an ji a jika.

Ya na da wani ɗan'uwa wanda ya fi shi ƙaranci nesa, mai yin ƙwai cikin fadamun Folan da Belarus da Yukiren inda dangin kajiji suka yi yawa. An daɗe ba a san inda ya ke zuwa da hunturu ba, sai a 2007 aka same shi a fadamar Juj, kusa da bakin kogin Sanagal, cikin gajerun tsirran ruwa.

Yadda a ke dasa shi

Wurin da ya dace shi ne wanda rana ke bugu sosai, ƙasarsa kuma ba ta rabuwa da danshi: ƙarshen lambatu inda ragowar ruwan ban ruwa ke taruwa, ko kwarin da ke gindin lambu, ko gefen rijiya inda ruwa ke zuba, ko gaɓar kududdufi da rafi. Ya fi son laka ko jigawa mai haɗe da laka. Ƙarƙashin inuwar mangwaro ko gwaiba ba ya yin ƙarfi.

Da saiwa a ke dasa shi, gama ta fi iri saurin kamawa da tabbas. Busasshen kajijin kasuwa ba abin dogara ba ne, ɗanye a ke nema. A tafi inda ya ke tsirowa, a tabbata shi ne ta wurin jan karan da sansanar saiwar, sa'an nan a sa dāgi a ɓanɓaro daga gefen kurmin. Kada a tumɓuke gindi duka; abin da mutum zai cika ƙwarya ɗaya da shi ya isa fara lambu. A wanke lakar da ke jiki sarai a duba, domin cikin lakar nan ne 'ya'yan aya-aya da saiwar kacalla da katantanwa su ke ɓoyewa su bi mutum gida. A rarraba saiwar gutsure-gutsure, kowanne da ƙulli biyu ko uku da ɗan tsiro, a rage tsawon karan ya koma kamar taƙi ɗaya, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, a dasa a ranar ko kashegari.

Farkon damina ya fi kyau, sa'ad da ruwa ya zauna. Mai ban ruwa kuwa ya na iya dasawa ko da rani, in dai ba zai bar wurin ya bushe ba. A binne saiwar zurfin yatsa, a bar tsakanin gindi da gindi ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi, a danne ƙasar da ƙafa, a ba shi ruwa ya ƙoshi. Cikin makonnin farko a riƙa cire ciyawa da hannu har ya rufe ƙasa, daga nan shi da kansa zai hana ta. Ba ya bukatar takin zamani, abin da ruwa ke gangarowa da shi daga fangaloli ya ishe shi. In dabbobi su na shiga wurin a yi masa ɗan shinge, don shanu su kan tattake sabon dashe.

Wanda ba shi da fadama, sai tsakar gida, ya na iya samun tsohuwar randa ko rabin duro, ya huda gindin, ya cika da laka, ya ajiye inda a ke alwala ko wanke hatsi. Ruwan sabulu mai yawa da na wanke-wanken mai ba su dace ba.

Yanka da haƙa

A nan ne mai lambu zai nuna ko ya gane abin da a ke nufi. In ya bari sai rani ya yi tsanani ya yanke duka, ko ya sa wuta, ya kashe masu zama ciki daidai lokacin da ba su da wurin gudu. Abin da ya kamata shi ne ya raba wurin kashi uku a ransa. Kowace shekara ya yanke kashi ɗaya ya haƙe saiwarsa, ya mai da ƙananan gutsattsarin cikin ramin, ya bar kashi biyu a tsaye. Shekara mai zuwa ya matsa gaba. Da haka kullum akwai tsohon kurmi da sabo, saiwar kuma ta na samun lokacin ƙosawa. A bar shekarar farko ta wuce ba a taɓa shi ba.

Lokacin yanka shi ne bayan kaka, sa'ad da tsuntsayen gida suka gama ƙyanƙyasa. Karan da aka yanka a shanya, a na saƙa tabarma da shi, a na kuma shimfiɗa shi bisa fangalin iri don rage zafin rana. Saiwar a wanke, a shanya a inuwa mai iska don ƙanshin kada ya gudu, sa'an nan a ajiye ko a kai kasuwa. Maganin ƙwari da na ciyawa kada su kusanci wurin, kada kuma a wanke tankin feshi a lambatun da ke zuwa can, gama fatar kwaɗo ta na shan abin da ke cikin ruwa.

Abubuwan da za a yi hattara da su

Ba daidai ba ne a faɗi amfanin abu a ɓoye aibinsa. Na farko sauro. Cikin masu kawo zazzaɓi akwai irin da ya fi son ɗan ruwan da ya kwanta a fili cikin rana, kamar sawun shanu, akwai kuma irin da ya fi son daɗaɗɗen ruwa mai ciyawa. Mazari da kwaɗi su na rage su, amma ba su ƙare su. Da zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. Saboda haka kada kowa ya haƙa rami ya tara ruwa kusa da gida da sunan kajiji. Danshi ya ishe shi. In ruwa ya kwanta a wurin, a buɗe masa hanya ya tsane kafin kwana 4 ko 5. Shi ya sa aka ce a huda gindin randa.

Na biyu tsargiya. Ƙwayar cutar cikin waɗansu ƙananan katantanwa na ruwa ta ke girma, su kuwa a jikin tsirran ruwa su ke zama. Wanda zai shiga tabki haƙo saiwa ya zaɓi gefen da ruwa ya janye, ko ya sa takalmin roba. Wanda ya dasa a bakin kududdufi ya nisanci mashigin da yara ke wanka.

Na uku maciji, gama inda kwaɗi su ke ya kan biyo su. A dasa kajiji nesa da ƙofar ɗaki da hanyar da a ke bi da dare, a share kewayensa faɗin taku biyu ya zama fili, kada kuma a sa hannu cikin gindinsa sai an buga da sanda.

Na huɗu yaɗuwa. Bai kai aya-aya naci ba, amma in ya ji daɗin wuri saiwarsa za ta nufi fangali. A yi masa ɗan lambatu kewaye mai zurfin ƙafa ɗaya, a riƙa datse abin da ya ƙetare sau ɗaya a shekara. Kusa da gonar shinkafa kuwa a bar tazara mai yawa, don cikin ruwan shinkafa zai zama ciyawa.

Kammalawa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa 'yan gindin kajiji a lungun lambu za su mai da gauraka, ko su maye gurbin fadamun Haɗeja. Manyan tsuntsaye sai manyan fadamu, gyaran waɗannan kuwa ya na ga yadda a ke sakin ruwan madatsu da yadda a ke raba ƙasa. Abin da ƙaramin kurmi zai iya shi ne ya riƙe ƙananan halittu: kwaɗon da zai wuni ciki har damina ta komo, mazarin da zai hau kara, ɗan baƙon tsuntsun da zai tsaya kwana biyu ya ci ƙwari ya ƙara gaba. Lambuna kuma a jere su ke a bakin rafi, in maƙwabta da dama suka bar lungunansu masu danshi, sai su haɗu su zama kamar hanya ɗaya doguwa.

Ga ɗaliban Hausa kuma akwai aiki a nan. Sunayen tsirran fadama da na tsuntsayenta su na bakin masu lambu da masunta da makiyaya da mata masu haɗa turare, kuma su kan bambanta daga Sakkwato zuwa Haɗeja, daga Katsina zuwa Damagaram. Ya kamata wanda ya tafi hutu garinsu ya zauna da waɗannan mutane a bakin fadamar, ya rubuta kowane suna, ya bayyana kamannin mai sunan da wurin da ya ke tsirowa da abin da a ke yi da shi, tun masu sanin su na da rai, tun kuma tsiron ya na nan da za a nuna da yatsa.